Kututture da Falwaya, da Haƙarƙarin Tela

Kwanakin baya, bayan kowa ya rufe ƙofarsa, na ji wani sauti da ban taɓa jin irinsa a layinmu ba. Dib. Sai shiru. Dib, dib. Sai tari. Da farko na ɗauka famfo ne ya tuna da mu, domin an ce idan ruwa zai dawo daga doguwar tafiya sai bututu ya yi gyaran murya. Har na kai bokiti na tara a bakin famfon. Famfo ya dube ni, na dube shi. Daga nan na fara tunanin ko zuciyar ƙasa ce ke bugawa, tunda duk mai ɗauke da kaya irin namu dole ya yi haki wata rana.

Kada ku yi mini dariya. Karatuna bai yi nisa ba. Ina aji huɗu iska ta yaye rufin makarantarmu, aka ce mu koma gida sai an gyara za a aiko, to har yau ina jiran aike. Gyaran agogo na koya, shi ma wayar hannu ta zo ta raba ni da shi, ta bar ni da lokaci fal da kunnuwa biyu.

Na kife bokitin da famfo ya ƙi cikawa, na taka, na leƙa ta katanga. Maƙwabcina ne, Tela, wanda muka yi furfura tare. Yana tsaye daga shi sai singileti, tabarau ɗaure da zare a ƙeya, yana naushin wani buhu da ya cika da yashi da ragowar ƙyallaye ya rataye a reshen mangwaro.

Na ce, "Tela, lafiya?"

Ya ce, "Horo nake yi. Sauka kada ka faɗo, ba ni da lokacin kai ka asibiti."

Asalin maganar daga layin mai ta taso, da ranar wannan daren. Kun dai ji Mai Girma Sarkin Tabbatarwa a rediyo yana cewa akwai man da zai ishe mu har jikokinmu. Ni na yarda da shi. Man yana nan, mu ne ba mu san inda ya ajiye shi ba. Tunda an hana sayarwa a jarka, Tela ya kwance tankin janaretansa ya ɗoro a ka. Mai Walda ma ya rungumo nasa. Wannan Mai Walda yaro ne a wajenmu, Tela ne ya ɗinka masa wandon makarantarsa na farko, amma yanzu kafaɗarsa sai ya karkace yake shiga ƙofa. Ni ba ni da mota ba ni da inji, rakiya na yi, domin layin mai ne kaɗai wurin da ake tara jama'a ba tare da an yi musu jawabi ba.

Rana ta take, layi bai motsa ba, sai hira ta gangaro kan damben zamani, ajin masu nauyi. Tela na da gwaninsa tun zamanin talabijin mai baƙi da fari, wani gajere mai kaurin wuya da muke kira Kututture. Mai Walda kuma nasa zakaran yanzu ne, dogo, wanda samarin layinmu suka sa wa suna Falwaya, wato turken lantarki. Tambayar ita ce, da za a haɗa su kowa yana kan ganiyarsa, wa zai kwanta?

Mai Walda ya ce, "Baba Tela, Falwaya ya fi shi tsawo da kai guda. Kafin Kututturenka ya iso inda hannunsa zai kai, an riga an shafa masa fuska."

"Tsawo? Raƙumi ma dogo ne, yaro ke jansa."

"Yanzu kimiyya ake yi, Baba. Abincinsa ma a ma'auni ake auna masa."

"Shi ya sa. Kututture abin da ya samu yake ci, in bai samu ba ya shiga da yunwa, kuma mai yunwa ba ya jin bari. Su zagaye goma sha biyar suke yi, ɗan nan. Naku an rage, ga mai fifita, ga mai shafa mai, ga mai lallashi. Faɗa ɗaya a shekara, sauran watannin cika baki a talabijin. Da tsohuwar zuma ake magani."

Mai Aski, wanda ya rufe shago ya biyo layi da babur ɗinsa, ya naɗa kansa alƙali. Ya ce na da sun fi juriya, na yanzu sun fi girma, saboda haka canjaras. Duka biyun suka ce ya yi musu shiru.

Ni abin da ya dame ni daban ne. Na ce, a wace shekara za a yi faɗan? In aka kawo Kututture zamaninmu, sai ya bi layin mai kafin ya isa fili, ƙila ya tarar an tashi. In aka mai da Falwaya zamanin da, wa zai auna masa abinci? Alƙalin wasa fa, na jiya ko na yau? Na jiya ba ya tsai da faɗa sai ya ga mutum ya manta sunan babarsa, na yau ko gira ta tsage sai ya kira likita. Kuma in ɗaya ya doki ɗaya ya faɗi, a wane zamanin zai farka? Ba wanda ya kula ni. Na saba.

Can sai bakin Mai Walda ya suɓuce. Cikin dariya ya ce, "Baba, bar ta Falwaya. Ni ɗin nan, da ɗan salon da nake gani a waya, ba za ka kai zagaye na biyu a gabana ba."

Layi ya kwashe da dariya. Tela ya sauke tanki daga kansa a hankali, ya gyara tabarau. Kowa ya san ya taɓa ɗan damben nan a ƙuruciya, akwai hoton ma a shagonsa, ko da yake ya koɗe har wasu na cewa yayansa ne.

Ya ce, "A gaban mutane ka faɗa. Ni ne Kututture, kai ne Falwaya. Sa rana."

Baki shi ke yanka wuya. A daidai lokacin mai zuba mai ya rataye tiyo ya ce man ya ƙare, muka dawo da tankuna yadda muka kai su.

Washegari da safe matar Tela ta yi sallama a ƙofata. Ta ce, "Malam Agogo, kai ne amininsa. Mutumin da in ya yi atishawa sai ya riƙe ƙugu, shi zai yi dambe? In yaron nan ya taɓa masa haƙarƙari, wa zai ɗinke? In kuma aka ce ya janye, ka san halinsa, ba zai ƙara zama a bakin shago ba."

Ba ta kai gida ba sai ga Mai Walda, ya durƙusa. "Baba Agogo, ka fitar da ni. In na buge shi ba ni da sauran fuska a layin nan. In na ƙi, ya ce na raina shi. In na faɗi da gangan, zai gane."

Na ce su ba ni lokaci, shi kaɗai nake da shi da yawa. Na tafi inda nake zuwa in zan yi tunani, wato ɗakin wasanninmu. Fili ne a ƙarshen layi, da ciyawa da awaki da wani babban allo. A jikin allon an zana gini mai gilashi, da mutane suna murmushi, ba ko ɗaya da ya yi kama da mu. Mai Girma na farko ya aza tubali tun ina da baƙin gashi. Na biyu ya zo ya aza wani tubalin a kan na farko. Na uku ya kafa kwamiti ya binciko inda tubalan suka shiga. Ina kallon wata akuya tana sosa bayanta da ƙafar allon sai dabara ta faɗo mini.

Na sami Tela a kan keken ɗinki na ce, "Kututture ya taɓa faɗa a kan titi kamar 'yan tasha?"

"Allah ya kiyaye."

"To kai ma ba za ka yi ba. Sai a dandamali mai igiya. Ranar da aka buɗe ɗakin wasanninmu, ranar za ku kara."

Ya ɗaga haɓa ya ce haka ya dace da zakara. Mai Walda ya amince kafin in rufe baki. Matar Tela ta aiko mini da abinci har da nama.

A nan nake son in jinjina wa manyanmu, Allah ya ja zamaninsu. Kullum muna ƙorafin ba sa cika alƙawari, ba mu taɓa lissafa haƙarƙarin da rashin cikawar ya ceta ba. Da masu gaggawa ne, da yanzu Tela na kwance. Sannu ba ta hana zuwa, su kuwa sun gano ta fi daɗi ma in ba a je ba. Tela ya ci gaba da naushin buhunsa da daddare, tarinsa ya ragu, yana tafe yana buɗa hannu. Kowa ya sami abin da yake so.

Ana wata ga wata. Na manta zaɓe ya ƙarato.

Wata safiya muka tashi da ƙarar jiniya. Babbar mota ta tsaya a filin, aka kori awaki, aka sassabe ciyawa, aka kafa rumfa da kujeru. Sai ga ma'aikata suna sauke katakai da turaku huɗu da jajayen igiyoyi. Kafin hantsi sun haɗa dandamalin dambe sak irin na talabijin, babu bango, babu rufi. Lasifika na shelar yau za a buɗe kashin farko na ɗakin wasanni.

Matar Tela ta dube ni. Mai Walda ya dube ni. Ni na dubi sama, inda na saba. Tela kuwa idonsa har ƙyalli yake. Ya ce, "Rana ba ta ƙarya."

Mai Girma Sarkin Almakashi ya iso bayan mun gasu. Ya ce daga wannan fili zakarun duniya za su fito. Aka zura masa safar dambe a kan agogonsa mai tsada, ya kai wa iska naushi biyu, aka ɗauki hoto, aka yi tafi, iskar ba ta rama ba. Aka miƙa masa almakashi a faranti ya yanke ƙyalle. Tela, da yake idonsa na sana'a ne, ya raɗa mini cewa ƙyallen duk tabon ɗinki ne, an sha yanka shi ana haɗawa. Ya ce, "Ko ɗinkin ba su iya ba." Sannan ya juya gida ya shirya.

Ya daɗe bai fito ba. Daga baya na ji tazugen wandonsa ne ya ɓata, aka yi ta nema, matarsa ta fi kowa ƙwazon nema. Mai Walda yana tsaye kusa da ni yana zufa irin wadda wutar walda ba ta taɓa sa shi ba.

Can sai ga Tela. Gajeren wando mai ƙyalli da ya yi wa aiki a gefe, safar da ya ɗinka da fatar tsohuwar kujera ya cusa mata auduga, ƙafafu kamar sillen kara, rabin layinmu na biye da shi. Gaskiya ban taɓa ganin ya yi kyau kamar ranar ba.

Ya iso ya tarar turaku biyu sun riga sun hau mota, ana naɗe igiya.

Ya ce da shugaban ma'aikatan, "Ɗana, ina za ku kai mana dandamali?"

"A yi haƙuri, Baba. Da yamma za a buɗe shi a unguwar gaba. Gobe ma ana jiransa a wasu wuraren."

"Ba namu ba ne?"

"Naku ne mana. Ai an buɗe muku, hoto na nan."

Suka ɗauke rumfa, suka ɗauke kujeru, wani ya tsince ƙyallen da aka yanke ya ninke ya sa a aljihu. Mota ta tashi. Tela ya tsaya a tsakiyar fili da safarsa, ramuka huɗu kewaye da shi. Ba wanda ya yi dariya. Ni dai tsorona kada ya ce a yi a ƙasa.

Sai Mai Walda ya matso ya russuna. Ya ce, "Baba, wallahi da na hango ka gwiwata ta yi sanyi. Allah ne ya rufa mini asiri."

Tela ya dube shi ta saman tabarau. Na san ya gane kara aka yi masa, shi ma yaron ya san ya gane. Ya miƙa masa hannuwa, yaron ya kwance masa safar.

Ya ce, "Ka gode wa manya. Riƙe mini, kada ka ɓata fatar. Kuma Kututture ne zai ci."

"Shi ne, Baba. Amma da ƙyar."

"Da ƙyar ɗin ma na ba ka."

Muka juyo gida a hankali, matar Tela na gaba tana wasa da wani tazuge a hannu. Awaki sun fara dawowa, ɗaya ta leƙa rami ta ga ba komai. Mai Aski, wanda har yanzu bai sauka daga alƙalancinsa ba, ya tsaya ya waiwayi allon da filin.

Ya ce, "Wai ni kam, in aka haɗa manyan da, masu aza tubali su bar mana shi, da na yanzu, masu tafiya da dandamalin gaba ɗaya, wa zai kayar da wani?"

Kowa ya yi kamar tabarmar ƙofarsa yake hange.