Yadda Ake Kamuwa da Sitires Ranar Gayyar Suruki

Bi matakan nan, na yi maka alkawari hannunka ba zai taɓa ƙotar hauya ba har damina ta wuce. Shamsu na Gabi ya gwada su, ya kuma yi nasara fiye da yadda ya so.

1. Samo ciwon daga nesa
Kada ka ce zazzaɓi. Tsohuwa za ta dafa maka saiwa mai ɗaci, gobe kana gona. Shamsu ya je ci-rani Legas, ya dawo da baƙin tabarau da kalma ɗaya ta Ingilishi: sitires. A ƙasar Madarumfa ko mushen lakwal, wato malamin makaranta, Faransanci ya karanta, wa zai ƙaryata ka?

2. Kada ka fassara
Ma'anarta dai damuwa da gajiya su yi wa mutum yawa, wato abin da uwarka ke fama da shi tun ba a haife ka ba, kuma ba ta fasa daka ba. Ka faɗi haka, ka kashe kasuwarka. Dafe goshi kawai ka ce, "Ciwon 'yan birni ne, Inna, bai son rana."

3. Zaɓi alamomi da hankali
Ya hana sunkuyo, amma kada ya hana tuwo. Masana sun tabbatar soyayyen kifin tafki na sassauta shi.

4. Jarraba shi a babbar rana
Malam Abarshi, mahaifin Sa'adatu wadda Shamsu ke mutuwar so, ya kira gayyar noman gero. Kowa ya sani, mai neman aure shi ke shiga gaba. Shamsu ya kwanta gindin aduwa yana nishi, samari na ta zuba gumi. Tsohon ya tsuguna kusa da shi.
"Yaro, wanga ciwo yana warkewa?"
"Sai dai a lallaɓa shi, Baba, har ƙarshen rayuwa."
Wallahi sai da idon dattijon ya kawo ruwa.

5. Karɓi tausayi
Nan ne aikin ke nuna kyansa. Washegari aka aiko wa Shamsu da fura mai nono, tare da saƙo: gidan Abarshi ba sa ɗora wa marar lafiya nauyin iyali, suna tsoron Allah. An fasa ba shi Sa'adatu.
Hankalinsa ya tashi, ya saɓi hauya a guje sai gonar.
"Baba, na warke! Ku duba ku gani!"
Sa'adatu ce ta ajiye ƙwaryar da ta kawo, ta zare hauyar daga hannunsa a hankali.
"Koma inuwa, Shamsu. Mu ba mu son alhakinka."

Gargaɗi
Hutu na yi maka alkawari, ban ce da mata ba. Wanda ya rasa budurwa, ko aka daina gayyatarsa ko'ina, kada ya doso ƙofata da kuka. Likita ya hana ni jin ƙorafi.