Ranar Sunan Ummi

A garinmu akwai wani mutum, Cindo, wanda in ka ce masa ya tsaya nan, to sai dai ka dawo ka tarar ciyawa ta tsiro a ƙafarsa. Yana zaune da matarsa Kuluwa a gidan yayarsa Hansatu, wadda ta rene shi tun yana goye. Ita Hansatu duk abin da ta mallaka ta zuba shi a cibiyar da ɗalibai ke rubuta jarrabawa da kwamfuta. Can ƙuryar cibiyar akwai babbar kwamfutar da ke juya sauran, wadda ake ce wa saba, har sunan Hansatu aka yi mata rajista da shi. Don tausayi ta ba Cindo gadinta. Tausayin da ya kusa tsiyata ta ke nan.

Wata rana Hansatu ta ce masa, "Kada ka bar kowa ya shiga ɗakin nan." Da hantsi sai ga Injiniya Mudi, mai gyaran sabar, ya taso tun daga birni. Cindo ya tokare ƙofa. Aka kira Hansatu, ita ma ya hana ta. "Yaya, kowa kika ce, kuma ke ma kowa ce." Sai da ta janye maganarta a gaban shaidu sannan ya matsa.

Wata rana injiniyan ya ce, "Malam Cindo, kallonta kawai za ka yi, kada ka taɓa komai." Aka ɗauke wuta, batir ya shiga kuka. Cindo na zaune, janareto na bayansa da mai cike, ya zuba tagumi yana kallo har sabar ta yi shiru. Da aka kunna ta, komai na cikinta ya dagule. "Wallahi ko ƙiftawa ban yi ba," in ji shi, har da alfahari. Hansatu ta yi kuka, ta rantse in ya ƙara ɗaya sai ya bar mata gida.

Wata rana Mudi ya wanke sabar tas, ya zuba mata komai sabo. Yana sauri ya kama mota, ya nuna wa Cindo wani gurbi a allon. "Yanzu kamar jaririya take. Ka sa mata sunan tsohuwar, ka danna nan, ta yi rajista da kamfanin da ke turo mata gyara ta intanet." Cindo ya gyaɗa kai. Jaririya fa aka ce! Wa ya taɓa raɗa suna ranar haihuwa? Ya lulluɓe ta da zanen Kuluwa, ya zauna jiran kwana bakwai, jarrabawa kuwa tana ta matsowa.

Ranar suna ta faɗo jajibirin jarrabawa. Hansatu ta zo ta tarar da tabarmi a ƙofar cibiya, ana rabon goro, Kuluwa na zuba waina, wanzami na tambayar ta ina zai fara aski. Cindo ya durƙusa ya raɗa wa sabar "Hansatu" a wajen fankarta, wai nan ne kunnenta. Amma da ya zo rubutawa sai kunya ta kama shi. Yarinyar da ta ci sunan babba ai alkunya ake yi mata. Ya rubuta "Ummi", ya danna.

Nan fa allo ya yi ja: kamfani ya ƙi turo gyara. Ba gyara, ba jarrabawa, kuma gobe a soke cibiyar. Aka kira Mudi, ya iso yana gumi. Ya ce gurbi ɗaya kamfanin ya ba su, tsohuwar rajista kuma ta zaune shi, sai an goge ta. In aka kuskure aka goge sabuwar, kafin kamfani ya saurare su an gama jarrabawa. Ya buɗe shafin, ga rajista biyu, ya kai kan ta sama, don a zatonsa nan tsohuwa take zama. Saura kaɗan ya danna, sai ya ga sunan, ya ja baya.

"Wace ce kuma Ummi?"

"Amaryar ce mana," in ji Cindo.

Mudi ya yi salati. "Hajiya, da suna ɗaya suka ci, wallahi da na goge miki ita." Ya sauko kan "Hansatu", ya goge. Allo ya koma kore, gyara ya fara sauka.

Hansatu ta zube kan tabarma, dariya da hawaye suka haɗe mata. Cindo ya cire hula, ya tsuguna gabanta, fuskar nan a jiƙe.

"Yaya, ya haƙuri? A gabana aka goge ki. Allah ya raya mana Ummi."

Ta ɗauki takalmi za ta jefe shi, sai ta fasa, ta ce, "Amin. Miƙo min wainar."