Leɓen Dama Ya Riga Mu Gidan Gaskiya

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika har ta gaji da ɗauka, tsohon maharbin agwagin ruwa na ƙarshen layi, tare da matarsa da 'ya'yansa, yana sanar da dangi da abokan farauta rasuwar Leɓen Dama, wato dogon katakon nan da ke bakin kwale-kwalensa ta hannun dama, tun daga hanci har wutsiya. Marigayin ya cika a rumfar kafinta, bayan doguwar jinya.

Duk wanda ya san marigayin ya san mai haƙuri. An ja shi a kan tsakuwa, an buga shi da jikin gada, an ɗaura masa igiya, an goge masa jinin agwagwa da taɓon takalmi, bai taɓa ɗaga murya ba. Iyakar maganarsa ita ce "ƙiii" in maigidansa ya jingina da shi, sai kuma "gwaf" in an iso gaɓa. Ya ga jiya, ya ga yau. Da shi aka ciyar da gida, da shi aka sa yara makaranta har suka girma suka fara cewa uban nasu ya huta haka nan.

Amma babban alherinsa shi ne rufin asiri, kuma tunda mai rufawa ya tafi, babu sauran abin ɓoyewa. Shekaru da dama bakin bindigar tsoho yana kwanciya a wuri guda a jikin marigayin, har ya ci masa gurbi mai santsi, daidai faɗin babban yatsa. To, sai ciwon yanar ido ya fara rufe idon tsoho. Bai gaya wa kowa ba, don ya san ranar da gida ya ji, ranar za a rataye bindiga. Sai ya riƙa ɗaure kwale-kwale a turkensa na kullum cikin ciyayin ruwa, ya lalubi gurbin da yatsa, ya kwantar da bindiga a ciki, ya kasa kunne. Gurbin kuwa yana kallon sararin nan da agwagi ke sauka. Da ya ji fukafukai sun taɓa ruwa sai ya danna. Ya dawo gida da nama, mutane suna cewa kai, tsohon nan idonsa kamar na shaho! Shi dai sai ya yi murmushi ya shafa katakonsa.

Ciwon ajali ya shigo ta ramin ƙusoshi. Ruwa ya bi tsatsa ya shige ciki, waje lafiya lau, ciki ya zama gari. Tsoho ya yi jinya iyakar ƙarfinsa. Ya cusa garin katako da gam, ya naɗa waya, ya shafa kwalta, ya ɗaure da tsohuwar robar taya. Matarsa ta yi faɗa har ta gaji, ta ce ko ita da ta haifa masa 'ya'ya bai taɓa yi mata irin wannan jinyar ba, kuma sabo turken wawa ne. Shi dai ya ci gaba da jinyarsa. Daga baya muryar marigayin ta canza, "ƙiii" ta koma "ƙurus-ƙurus", ranar nan kuma babban ɗan tsoho ya dafa shi zai shiga, sai guntu ya biyo hannunsa.

Yaron kirki ne, Allah ya sani, alheri ya nufa. Tsoho yana kwance da zazzaɓi, sai ɗan ya ɗora kwale-kwale a amalanke ya kai wa kafinta. Kafinta ya caka wuƙa a jikin marigayin, ta shige kamar a sabulu, ya girgiza kai ya ce wannan ai sai haƙuri. Ya zare ƙusoshi ɗaya bayan ɗaya. A ta ƙarshe marigayin ya ce "ƙwas", bai sake cewa komai ba.

An sa magaji a madadinsa, sabon katako jawur, an goge shi sumul, an shafe shi da mai har yana ɗaukar ido. Kowa ya yaba. Da tsoho ya samu sauƙi ya zo ya bi shi da tafin hannu daga hanci zuwa wutsiya, ya komo, ya sake bi. Ya yi wa ɗansa godiya, ya sa masa albarka. A ɓoye ya koma wurin kafinta ya roƙi a fafe masa ɗan gurbi, aka fafe, amma abin da shekaru suka ci a hankali ba kurfin kafinta ne zai yi shi da rana ɗaya ba.

Fita ta farko ɗan ya nace sai ya raka shi. Agwagi suka sauka gabansu ƙiri-ƙiri, kusa har ana ganin ƙwayar idonsu. Tsoho ya kwantar da bindiga, ya kasa kunne, ya danna, harsashi ya tafi can hagu ya aske ciyawa. Da agwagin suka tashi, ya juya yana tambaya guda nawa suka faɗi. Ɗan ya daɗe yana kallon idon ubansa. Sannan ya karɓi filafili ya tuƙa su gida.

Marigayin ya bar ɗan'uwansa Leɓen Hagu, wanda shi ma kafinta ya ce a fara shiri. Ya bar filafili, da gorar tuƙi, da ƙoƙon kwashe ruwa mai faci biyu, da bindiga wadda yanzu ke rataye a ɗakin babban ɗa. Ya bar tsoho guda, wanda har yau yake farkawa da sassafe ya sa takalmin roba, sannan ya tuna, ya zauna bakin gado ya cire.

Game da jana'iza, an ɗan samu saɓani. Matar tsoho ta so a kai gawar murhu, tsoho ya ce sai dai a haɗa da shi. An daidaita a kan cewa ba za a binne ba, ba za a ƙona ba. Gobe da hantsi kafinta zai zo ya yanke inda ya ruɓe, ya kafa abin da ya rage a jikin bango, daga ƙofar ɗakin tsoho zuwa inda yake shan hantsi a tsakar gida, daidai tsayin ƙugu. Ana roƙon masu zuwa gaisuwa kada su kama hannun tsoho su ce za su ja shi. Ya roƙi a bar gurbin nan ya zo daidai bakin ƙofa, in yatsansa ya faɗa ciki ya san ya iso.