Takardar Ta'amin a Cikin Leda

Da na sayar da tsohuwar motata na koma hawan keke, abu ɗaya na riƙe: takardar ta'amin, wato inshorar motar. Na naɗe ta a leda, kullum tana aljihu tare da iƙama, katin izinin zama. A tunanina, tunda sunana ne a jiki, ni aka yi wa inshorar, ko me na hau.

Ƙanena Usman ya ce, "Yaya, wannan ta mota ce. Nemi ta masu keke."

Na ce, "Halas, ya isa. Tun kana rarrafe nake tuƙi a Jidda."

Wata safiya a unguwar Sharafiyya na kauce wa rami, na goge ƙofar wata sabuwar mota tun daga gaba har baya. Mai ita ya fito yana huci, ni kuwa ko a jikina. Na ce, "Kwantar da hankalinka, ya akhi, kamfani zai biya." Har shayi na sayo mana.

Da ma'aikacin duba haɗari ya zo, na warware ledar a hankali gaban jama'a. Ya karanta, ya dubi keken, ya dube ni.

"Ya ammi, dattijo, ina motar?"

"Na sayar."

Ya naɗe takardar ya miƙo min.

Keken na sayar aka gyara ƙofar. Yanzu a ƙafa nake zuwa aiki, gwiwa tana ciwo. Duk lokacin da na wuce majalisarmu ta unguwar Hindawiyya, sai wani ya nuna takalmina ya ce, "Abu Ta'amin, su ma suna cikin takardar?"