Rasuwar Mai Madubi, Kyamarar Hajiya Baraka

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kafaɗar dama wadda ta rasa abin ratayawa, Hajiya Baraka Salisu, tsohuwar malamar kimiyya da ke zaune a Karaye, tana sanar da 'yan'uwa da abokan arziki, da duk macen da ta taɓa tsuke ciki a gabanta, rasuwar kyamararta Mai Madubi. Ta cika ranar Talata bayan la'asar, a kan faifan tsince shinkafa, tana da shekara goma sha uku.

Marigayiyar baƙa ce, mai nauyi, mai haƙuri. Tun da Hajiya ta ajiye alli take bin ta gidajen suna da biki, can cikin gida inda namiji ba ya leƙawa, daga Yolar Karaye har Ruwan Bago. Caji ɗaya kan kai ta kamu, ya kai ta yinin biki, ya raka amarya ɗakinta. Kalma ɗaya ta iya a duniya: ƙaras. Ɗan madubin da ke cikinta ne yake ɗagawa ya faɗi, kuma kowace mace ta san ba a sakin numfashi sai an ji shi.

Ciwon ajali ya fara ne da jita-jita. A bara Rumasa'u, tsohuwar ɗalibar Hajiya wadda ba ta taɓa wuce maki arba'in a kimiyya ba, ta dawo daga Kano da wata 'yar kyamara marar madubi, marar nauyi, marar ko tari. Kafin kaka labari ya cika gari, wai madubin cikin kyamara ne yake ƙara wa mace shekaru, tunda dai kowa ya san na bango ma ba ya rufa asiri. Hajiya ta ce shekara talatin tana koyar da darasin haske, ba ta taɓa ganin shafin da madubi ya haifi tamoji ba. Aka ce ai littafinta ne tsohon bugu.

Ba ta damu ba sai da aminiyarta Talatu, wadda suka yi wasan 'yar tsana tare, ta zo ta gaishe ta gaisuwa doguwa, ta tambayi ƙafa, ta tambayi jikoki ɗaya bayan ɗaya, sannan ta ce bikin jikarta da za a yi a Zoza ranar Asabar Rumasa'u za ta ɗauka. Ta ce ba ƙin Hajiya take ba, amma dangin ango daga Rogo za su zo, kuma a hoton bara an ɗauka ita ce uwar mijinta.

Hajiya ta nemi a gwada. Aka zaunar da Talatu a gindin darbejiya, kowa ya ɗauke ta. Rumasa'u ta ce nata sai ya kwana a gida. Washegari aka jera hotuna biyu a tabarma. A na marigayiya, Hajiya ta sa tsinke ta ƙirga tamoji goma sha ɗaya a goshi. A na Rumasa'u, goshi sumul kamar sabon kwano, har Talatu ta tambaya ko ƙanwarta ce.

A nan ne ilimi ya yi wa Hajiya yawa. Ta tuna abin da ta sha rubutawa a allo, cewa mai gwaji abu ɗaya yake canzawa ya bar sauran. Ta kwance idon marigayiya, wato gilashin gabanta, ta sa tabarau, ta ɗauko hantsakin cire ƙaya, ta kama madubin. Marigayiyar ta ce ƙaras. Hajiya ta ƙara ja. Marigayiyar ta ce ƙar, ba ta ƙarasa ba.

An garzaya da ita Rogo wajen Shitu mai gyaran wayoyi, wanda ya taɓa tayar da rediyon da ya kwana a rijiya. Ya duba ciki, ya duba hantsakin da aka haɗo masa a jaka, ya cire hula. Ya tambaya wane mugu ne ya yi wannan aiki. Hajiya ta ce ana bincike.

Ta rasu ta bar idanu biyu, dogo da gajere, da batir mai sauran ƙarfi, da caja, da ƙafa uku wadda ɗaya ke ɗingishi, da hotuna sama da dubu arba'in a bangunan mutane. Ta kuma bar madubinta, wanda yanzu yake taimaka wa Hajiya wajen sa kwalli.

Ana godiya ga duk waɗanda suka zo gaisuwa jiya, musamman Rumasa'u, wadda ta zo rataye da tata. Hajiya ta roƙi a ba ta ta riƙe, ko zuciyarta ta yi sanyi. Ta riƙe, ta yaba rashin nauyi, ta juya ta wajen Talatu da ke zaune a bakin ƙofa, ta danna. Talatu ba ta ji komai ba, ta ci gaba da tsuke ciki har sai da aka taɓa ta.

Liman ya ce ba a yi wa na'ura salla, Hajiya ta yarda da shi a wannan karon. Za a naɗe marigayiyar a tsohon mayafi, a sa ta a ƙasan adaka gobe Juma'a da hantsi. Za a karɓi gaisuwa kwana uku, ban da Asabar, domin Hajiya za ta je Zoza ta zauna cikin baƙi, hannu sake, ta ci alkaki. Rumasa'u za ta ɗauki bikin, ita da kwamfutar da take kwana da hotuna a gida. Masu zuwa da shawarar wace iri za a saya a madadi su taho da hujja.

Hoton jiya bai kwana a gida ba. A nan kan tabarma aka duba shi a bayan kyamarar marar madubi, a gaban mutum tara. Tamoji goma sha ɗaya ne.