Tela Ya Sa Hular Lantarki

Wata uku Barkono ba ta taka shagon taubashinta Tela ba, tun ranar da ya ɗinka mata riga, hannu ɗaya ya rufe yatsu, ɗaya ko gwiwar hannu bai kai ba. Shekara arba'in yana riƙe awo da ka, amma yanzu kafin ya juya daga jikin mutum zuwa tebur, awon ya gudu. Ranar ta wanke shi tas. Daga baya ta ji 'ya'yansa sun ce in ya ƙara ɓata yadin wani za su rufe shagon, abin ya tsaya mata a rai. Da aka ce an sa shi cikin wani gwaji a asibiti, sai ta naɗo yadi ta taho.

"Lafiya lau muke, kafin ki shigo," in ji Tela.

"Bawana, an ce kullum jona ka ake yi da lantarki kamar dutsen guga."

"Hula ce mai wayoyi, uwar surutu. Minti ashirin, ba yanka, ba allura. Sai ɗan ƙaiƙayi, kamar kiyashi na yawo a ka."

"Kiyashi ya shiga kango! Me ya samu ya ci?"

"Bayan nan ma'aikatan asibitin su karanto kalmomi in maimaita. Ranar farko huɗu na kawo, jiya bakwai."

"Sauran ka yi musu guntun hannu."

"Ke za a kai, amma likitar ta ce bakinki zai ƙona musu na'ura." Ya ɗan rage murya. "Ta ce gwaji ne fa, ba alkawari ba. Wasu ma hularsu ba a kunnawa sosai, kuma ba a faɗa mana su waye ba."

"Irin sa'arka, ta ado aka kafa maka. Gani ya kori ji. Tashi ka auna ni."

Ya ɗauko tef. Kafaɗa, hannu, tsawo. Yana juyawa wajen tebur ta buɗe masa wuta, don ta ga ko awon zai gudu.

"Haƙoranka nawa suka rage? Uku?"

"Tara!"

"Shekarunka fa? Ɗari da goma?"

"Na bar miki, ke da kika yi goyon kakan likitar."

Ya ja alli a kafaɗa. Ya ja a hannu. Da ya zo kan tsawo sai allin ya tsaya a sama. Barkono ta kafa wa allin ido.

"Hamsin da huɗu," in ji Tela, ya ja layi.

Ita ba ta san baƙi ba, balle lambar tef. Sai ta zaro wata igiya daga jaka, mai ƙulli uku, wadda ta auna a jikin tsohuwar rigar da ya ɗinka mata lokacin yana ganiyarsa. Ta shimfiɗa ta a kan yadin. Ƙulli na farko ya hau layi, na biyu ma haka. Na uku ta ja, ta sake ja, ya ƙi sauka daga kan allin.

"To fa?" in ji shi. "Tsohuwar zuma da ita ake magani."

"Dace ne! Makaho ma yakan taka allura."

"Faɗi dai, na ci ki."

Dariya ta ƙwace mata, har tana share ido da bakin mayafi. Ta ciro ɗan littafi da fensir ta dangwara masa a kan keke.

"Ka ci. Zan je in gaya wa 'ya'yan nan naka da bakina. Amma gobe ka koma a sa maka hularka, a wannan kuma ka riƙa rubuta awo. In ka ƙara yi mini guntun hannu, ni zan jona ka, kuma ba minti ashirin ba."