Rasuwar 'Yar Gulma, Mai Leƙa Cikin Kanel

Da zuciya mai cike da alhini, ni da abokan aikina na ɗakin da ke saman shagon tela muke sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar abokiyar aikinmu, 'yar baƙar akwatin nan mai wutsiyar waya da muke kira 'Yar Gulma. Ta cika ranar Talata da hantsi, a kan teburina, kusa da kofin shayi.

Ga waɗanda ba su san marigayiyar ba, ga tarihinta. Aikinmu rubuta manhajar ƙananan allunan lantarki ne, irin waɗanda ake sakawa a cikin firjin ajiye allurar rigakafi. Uwar manhajar, wadda ke raba wa kowane sashe aikinsa, ita muke kira kanel. Idan kanel ta sume, allo ba ya kuka, ba ya nuni, shiru kawai yake yi kamar ya yi fushi. A nan ne ake jona 'Yar Gulma. Sai ta tsayar da ƙwaƙwalwar allon cak, ta leƙa ciki, ta zo ta fesa mana komai: wa ya taɓa abin da ba nasa ba, a wane layi na manhajar aka yi tuntuɓe. Ba ta taɓa rufa wa kowa asiri ba, har da ni da nake goge mata ƙura.

Ba za mu manta da bara ba, lokacin da firjin wani ƙaramin asibiti ya riƙa ɗaukewa haka kawai, allurai na neman lalacewa. Malamar asibitin ta kira har muryarta ta dishe. Dogo, mai haɗa mana alluna, ya rantse laifin manhaja ne, ni kuma na rantse laifin haɗinsa ne, har muka daina gaisawa. Da aka jona marigayiya, sai ta nuna mana ayyuka biyu sun tsaya cirko-cirko a cikin kanel, kamar dattawa biyu a bakin ƙofa, kowa na jiran ɗan uwansa ya fara shiga. Muka gyara layin kafin la'asar. Yara suka samu allurarsu, ni da Dogo muka koma cin abinci a kwano ɗaya.

Ta kasance mai haƙuri da ƙana'a. Ba ta da surutu, in ban da "ƙit" ɗin da take yi idan an jona ta, da 'yar koriyar fitilarta mai ƙyafta ido.

Ciwon ajalinta ya fara ne da sakin baki. Ramin da ake soka mata waya ya yi laushi, sai an ɗaure ta da roba an tokare da littafi kafin ta yi magana. Daga baya ta fara mantuwa, a tambaye ta wannan ta amsa wancan. Ranar Talata Oga, shugabanmu a wurin aiki, ya shigo da kyakkyawar niyya, ya ce, "Yunwar wuta ce ke damunta, ku ba ni wuri." Ya soka mata cajar babbar kwamfutarsa. Marigayiya ta ce "ɗis", ta saki ɗan siririn hayaƙi, ɗaki ya cika da ƙauri. Iyalai ba sa zargin kowa. Oga dai ya daɗe yana duban silin.

Ta rasu ta bar wayarta mai faɗi wadda ƙafarta ɗaya ta karye, da faifan manhajarta da babu kwamfutar da ke iya karanta shi yanzu, da alluna marayu cike da kwali. Ta kuma bar wata matsala da take tsakiyar farauta, wadda har yanzu tana yawo a cikin kanel lafiyarta ƙalau, alhali ƙarshen wata za a zo karɓar sababbin firji. A halin yanzu mun koma lalube da wata 'yar fitila da muka jona a jikin allo: in ta ƙyafta, manhaja ta iso nan, in ba ta ƙyafta ba, sai mu kalli juna. Maman yara ta ce da ni, "Malam, ko da akuyarmu ta mutu ba ka ƙi cin abinci ba."

Za a yi mata sutura gobe da safe. Mai gyaran rediyo na bakin titi zai buɗe ta ya cire abin da zai amfani masu rai, sannan a naɗe ta a ledar da ta zo a ciki, a kwantar da ita a aljihun tebur na ƙasa. Za a karɓi gaisuwa a bencin da ke bakin taga, a hau matakala a hankali saboda tela na aiki.

Muna roƙon masu zuwa ta'aziyya alfarma ɗaya. Don Allah kada wanda ya sake tambayarmu ko mun gwada kashewa mu kunna. Mun gwada.